Maɗaurin Gwiwa: Abin Da Ya Kamata A Sani Kafin A Saya

Sau da yawa akan ga ɗalibi ya dawo daga filin ƙwallo yana ɗingishi, ko ma'aikaci ya faɗi da babur a kan hanyarsa ta zuwa ofis, washegari sai a gan shi da maɗauri a gwiwa wanda ya sayo a kyamis ba tare da kowa ya duba shi ba. Wani yakan dace ya warke. Wani kuwa bayan wata shida sai ya tarar gwiwar tana gocewa in zai sauko daga bene, tsuguno ya gagare shi, zaman salla ma sai a kan kujera. Abin da ya raba su shi ne irin raunin da kowannensu ya samu, domin maɗaurin da ya dace da wannan ba lalle ne ya dace da wancan ba.

Gwiwa ita ce gaɓa mafi girma a jikin ɗan Adam. A nan ne ƙashin cinya ya haɗu da ƙashin ƙwauri, ƙoƙon gwiwa kuma ya rufe su ta gaba. Jijiyoyi huɗu masu ƙarfi ne suke riƙe da ita: biyu a gefe, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, masu hana ta karkacewa, biyu kuma sun giccia juna a tsakiya, suna hana ƙwauri zamewa gaba ko baya. Tsakanin ƙasusuwan akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, waɗanda suke aiki kamar matashi. A tafiya kawai, nauyin da ke sauka a kan gwiwa yakan ninka nauyin mutum sau biyu zuwa uku.

Maɗaurin da aka fi gani shi ne mai kama da safa, wanda ake zura ƙafa a ciki. Amfaninsa shi ne matse wurin, da rage kumburi, da ɗumama gaɓar. Ya wadatar ga ƙaramin targaɗe, amma ba shi da ƙarfin riƙe gwiwar da jijiyarta ta tsinke.

Na biyu shi ne mai ƙarafa a gefe da gefe, waɗanda suke lanƙwashewa tare da ƙafa. Shi likitoci suka fi bayarwa idan jijiyar gefe ta ciki ta yage, domin wannan jijiya takan warke da kanta in an hana gwiwar karkacewa na kimanin mako huɗu zuwa shida. Wasu daga cikin irinsa suna da makulli, wanda likita zai saita iyakar yadda ƙafa za ta naɗe, yana ƙarawa da kaɗan kaɗan.

Na uku dogo ne, daga cinya zuwa ƙwauri, yana miƙar da ƙafa sambal. Ana sa shi bayan tiyata ko gocewar ƙoƙon gwiwa, na ɗan lokaci kawai. In aka daɗe da shi, gaɓar takan sandare, naman cinya kuma ya motse. Akwai kuma mai rami a gaba domin tsare ƙoƙon gwiwa a mazauninsa, da wanda ake yi wa masu amosanin gaɓɓai, mai ɗauke nauyi daga ɓangaren da ya goge ya mayar da shi ɗaya ɓangaren.

Abin lura a nan shi ne, babu maɗaurin da yake ɗinke jijiya. Jijiyar gaba ta tsakiyar gwiwa, wadda 'yan ƙwallo suka fi tsinkawa, ba kasafai take haɗewa da kanta ba. A watan Oktoba na 2020 ɗan wasan Liverpool, Virgil van Dijk, ya ji wannan rauni a wasansu da Everton. Sai da aka yi masa tiyata, ya kuma shafe kimanin wata tara yana jinya da motsa jiki kafin ya koma wasa, duk da irin likitocin da ke kansa. Binciken masana bai nuna cewa sa maɗauri bayan irin wannan tiyata yana hana jijiyar sake tsinkewa ba. Abin da ya fi tsare gwiwa shi ne ƙarfin naman cinya, wanda ba a samunsa sai da atisayen da masu gashin ƙashi suke koyarwa.

Saboda haka matakin farko shi ne sanin abin da ya lalace. Wanda ya ji ƙara a gwiwarsa lokacin da ya faɗi, ko ta kumbura cikin sa'o'i kaɗan, ko ya kasa yin taku huɗu, ko ta ƙulle ta ƙi miƙewa, to asibiti ya kamata ya nufa, ba kanti ba. Hoton ƙashi na yau da kullum karaya yake nunawa. Jijiya da guringuntsi sai da gwajin hannun likita ko hoto na musamman. Akwai asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, da na Igbobi a Legas da na Inugu, ban da sassan ƙashi na asibitocin koyarwa. Maɗoran gargajiya sun san karaya, amma jijiyar da ta tsinke a tsakiyar gaɓa ba ta ɗoruwa da kara da tsumma, ja da murza kuwa kan ƙara ɓarna. Kafin a isa asibiti, sai a hutar da ƙafar, a ɗaga ta sama, a ɗora ƙanƙara da aka naɗe a ƙyalle na minti 15 zuwa 20.

Idan likita ya faɗi irin wanda za a saya, saura awo. Akan auna kaurin cinya kimanin santimita 15 sama da ƙoƙon gwiwa, a duba girman da ke rubuce a jikin kwali. In yatsu biyu ba su shiga ƙarƙashin maɗaurin ba, ya matse. In yana saɓulewa, ya yi yawa. A ƙasa mai zafi gara a nemi yadi mai shan iska, a riƙa wanke shi don gudun ƙuraje. Masu ciwon sukari su riƙa duba fatarsu kullum. Duk wanda ya ji ƙafarsa ta yi sanyi ko ta mutu, ko sha-raɓarsa ta kumbura tana ciwo, ya kwance maɗaurin nan take ya ga likita, domin yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya.

Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ita ce shaidar dacewa ba. Babban haɗarin maɗauri shi ne yakan ba mutum ƙarfin gwiwar da gwiwar kanta ba ta da shi, har ya koma fili ko ya hau babur lokaci bai yi ba. Sauri kuwa ya haifi nawa. Likitan da ya ce a ɗaura, shi ne kuma zai faɗi ranar da za a kwance.