Tsohuwar Bas Ƙirar Hayis: Inda Take Lalacewa da Inda Kuɗin Gyara Ke Tafiya

Motar Toyota Hiace, wadda direbobi ke kira Hayis, tana cikin bas-bas da suka fi yawa a tashoshin Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Kamfanin Toyota na Japan ya fara ƙera ta a 1967, amma waɗanda suka fi cika hanya a yau su ne samfurin da ya fito a 1989 da kuma wanda ya biyo bayansa a 2004, wato wanda ake wa laƙabi da Homa. Da yawa daga cikinsu sun shigo ne bayan sun yi shekaru suna aiki a wasu ƙasashe, shi ya sa ake ce musu 'yan Beljiyam ko tokumbo, ma'ana sun fara ɗaukar fasinja a nan ne da tsufansu. An san motar da juriya, sai dai wannan juriyar ce ke ruɗar masu ita, domin takan ci gaba da tafiya alhali ciwo na cin ta, har ƙaramin gyara ya rikiɗe ya zama babba.

Matsalar da ta fi kashe injin tsohuwar Hayis ita ce zafi. Injin yana ƙarƙashin kujerun gaba ne, inda ba a ganinsa sai an ɗaga kujera, don haka yoyon ruwa kan daɗe ba a lura da shi ba. Lagireto, wato tukunyar da ke sanyaya ruwan inji, takan toshe da ƙurar hunturu ta waje da kuma tsatsa ta ciki, musamman idan ruwan rijiya ake zuba mata maimakon ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa. Wasu makanikai kuma sukan cire tamostat, ɗan ƙaramin murfin da ke daidaita zagayawar ruwa, da hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi, alhali cire shi yana ɓoye ainihin cutar ne kawai, yana kuma ƙara shan mai. Idan mota ta tafasa sosai, gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa yakan ƙone, kan injin fetur kuwa, da yake na alminiyam ne, yana iya lanƙwashewa. Alamun a bayyane suke: farin hayaƙi a salansa, ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, kumfa na tasowa a bakin lagireto, sannan baƙin mai ya koma ruwan madara a jikin sandar awo. A wannan matakin, abin da sauya tiyon roba ɗaya zai magance a cikin sa'a guda ya zama aikin kwance inji na kwanaki.

Bambancin inji ma yana da tasiri a kan kuɗi. Injin fetur mai lita 2.7, wanda aka sani da 2TR, yana amfani da sarƙa wajen daidaita motsin bawul da fistin, sarƙar kuma takan daɗe muddin ana sauya baƙin mai a kan kari. Injin dizal irin su 5L da 2KD kuwa bel ne da su, wanda ke da iyakar tafiyar da aka ƙayyade masa, kilomita 100,000 zuwa 150,000 gwargwadon injin, idan kuma ya tsinke mota na gudu, fistin kan daki bawul ya lanƙwasa su. Gurɓataccen dizal shi ma yana lalata nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, wanda a samfurin 2KD yana cikin kayan da suka fi tsada.

Bayan inji sai ƙafa, kamar yadda makanikai ke kiran duk abin da ke ɗauke da nauyin mota. Lodin da ya wuce ƙa'ida, inda ake jibga buhunan hatsi a baya bayan fasinja sun cika, yana sa sifirin ya kwanta, shokazoba ta mutu, boris ya fara kuka, kuloci kuma ya ƙone da wuri. Lalacewar ƙafa ba ta tsayawa nan, domin ita ke sa taya ta cinye ta gefe guda, taya mai rauni kuwa a kan kwalta mai zafi, ƙarƙashin nauyi, ita ce ke fashewa. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kan tsofaffin tayoyin gwanjo. Tsatsa ma ba abin rainawa ba ce, domin motar da ta fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara takan zo da ruɓaɓɓen ƙarƙashi, wanda fenti ke rufewa.

Kuɗin gyara kashi uku ne: kayan gyara, da ladan makaniki, da kwanakin da mota ta yi a gareji ba ta kawo balas ba, wato kuɗin da direba ke miƙa wa mai ita. Ladan aiki shi ne mafi sauƙi, kayan gyara kuwa, tun da yawancinsu daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Bayan sauyin tsarin canji na watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da naira 1,500 a 2024, tsadar kuma ta bayyana a Ƙofar Ruwa ta Kano da Fanteka ta Kaduna da Ladipo ta Legas. Mai saye a waɗannan kasuwanni yana da zaɓi uku, wato sabo na asali, ko na gwanjo da aka ciro daga wata motar, ko kwaikwayo mai araha. Araha ba ta ado, musamman a birki da boris da bel, domin kayan da aka sauya sau biyu sun jawo ladan aiki biyu da zaman gareji biyu.

Saboda haka abin da ya kamata mai tsohuwar bas ya auna shi ne jimillar abin da ta ci a shekara, ba kuɗin gyara ɗaya ba. Wanda ke rubuta ranar kowane gyara da abin da aka kashe, yana kuma ware wani kaso na balas don gyara tun kafin mota ta tsaya, shi ke gane lokacin da ta daina ciyar da kanta. Inji da giya ana iya sauya su da na Beljiyam motar ta ƙara shekaru tana aiki, amma idan tsatsa ta ci shasi, wato ƙashin da ke riƙe da mota, walda ba za ta mayar da ƙarfinsa ba, kuma ɗaukar fasinja a cikinta ya zama sayar da rai.