Ayutaya: Babban birnin da aka ƙona, wanda ruwa ke ci a yau

Ɗan kasuwar Maradi ko Damagaram da ya je Bankok yakan ƙare kwanakinsa tsakanin otal da kasuwar tufafi, ya ɗaure kayansa ya dawo. Kaɗan ne ke sanin cewa kilomita 80 a arewa da birnin, tafiyar da ba ta wuce awa biyu a jirgin ƙasa, akwai kufan garin da ya mulki ƙasar Tailan fiye da shekara 400. Sunansa Ayutaya.

An kafa shi a tsakiyar ƙarni na 14 a kan tsibiri, inda koguna uku suka haɗu: Cawo Faraya, Pasak da Lopburi. Ruwan nan shi ne ganuwarsa, shi ne kuma hanyar kasuwancinsa. Jiragen ruwa daga Sin, Japan, Farisa, Fotugal da Holan sukan sauke kaya a bakinsa, kowace al'umma da unguwarta a bayan gari. A 1767 sojojin Bama suka shiga bayan sun kewaye shi fiye da shekara guda, suka cinna masa wuta. Da aka kafa Bankok a 1782, har tubalin Ayutaya aka kwasa a jirage aka yi gini da shi.

Abin da ya rage shi ne wuraren ibadar mabiya addinin Buda, waɗanda ake kira wat, da hasumiyoyinsu na jan tubali. A Wat Fara Si Sanfet, wanda ke cikin tsohuwar fada, hasumiyoyi uku masu siffar ƙararrawa na nan tsaye, a cikinsu aka ajiye tokar sarakuna uku. A da akwai mutum-mutumin Buda mai tsawon mita 16 da aka lulluɓe da zinariya. Maharan suka narke zinariyar suka tafi da ita. A Wat Mahatat kuwa, jama'a kan yi layi don ganin wani kan Buda na dutse da saiwoyin itace suka naɗe har suka rungume shi. Mai son hoto a nan sai ya durƙusa, domin ba a yarda kan mutum ya fi na Buda tsawo ba, kuma masu gadi ba su wasa da wannan. Mutum-mutumi da dama a wurin ba su da kai. Wasu yaƙi ya sare su, wasu ɓarayin kayan tarihi.

Akwai wani babi na tarihin garin da ɗan Nijar zai saurara da kunne biyu. A 1685 sarkin Faransa Luwi na 14 ya aiko da jakada wurin sarki Narai, shekarar da ta biyo baya jakadun Narai suka je fadar Basai. Zumunci ya yi daɗi har Faransa ta kawo sojoji a 1687 ta girke su a Bankok. Manyan fada ba su ji daɗi ba. A 1688, sarki na kwance ba lafiya, wani babban hafsa mai suna Fetaraca ya karɓe mulki, aka kewaye sansanin Faransawa wata da watanni, daga baya suka tattara nasu ya nasu suka fice. Tailan ita ce ƙasa ɗaya tilo a yankin da Turawa ba su taɓa yi wa mulkin mallaka ba.

Musulmi ma ba baƙi ba ne a nan. Tun farkon ƙarni na 17 wani attajiri daga Farisa, Shehu Ahmad, ya zauna a garin har ya zama babba a fada, kuma kabarinsa na nan. Akwai masallatai a bakin kogi, abincin halal ba ya wuya, kuma alewar da garin ya yi suna da ita, roti sai mai, wadda ake naɗe zaren sukari a cikin fanke mai laushi, sana'ar Musulmin garin ce.

Hukumar UNESCO ta sa Ayutaya cikin jerin kayan tarihin duniya a 1991, amma takarda ba ta tare ruwa. A ambaliyar 2011, wadda ta kashe mutum fiye da 800 a ƙasar, kogi ya shanye Wat Caiwatanaram da aka gina a 1630, ruwa ya kwanta makonni a gindin gine-ginen, har masana'antar motocin Honda da ke kusa ta nutse. Tubali da ya sha ruwa yakan ruɓe a hankali daga ƙasa. Mutanen Damagaram da suka ga tsohon masallacinsu ya faɗi a damanar 2024 sun san irin wannan ciwo. Yanzu duk ƙarshen damana, wajen Satumba da Oktoba, ma'aikata kan ɗaga shingen ƙarfe a bakin kogi su jera buhunan yashi.

Mai niyyar zuwa gara ya zaɓi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da zafi ke sauƙi. A rufe kafaɗa da gwiwa, a cire takalmi a ƙofar ɗakin ibada, mace kuma ba ta taɓa malamin Buda mai rigar ruwan goro. Kada a hau gini don hoto. Fitar da mutum-mutumin Buda daga ƙasar sai da izinin hukuma. Sannan a kama baki kan gidan sarauta: doka ta 112 ta tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarki, kuma ba ta ware baƙo ba, ko da a Facebook ya rubuta.