Kaza ta kwanta ciwo: Bayan yanka, tukunya ko rami?

A Mahuta, hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai da ke masarautar Zuru a jihar Kebbi, kaza asusun mata ce. Da ita ake sayen magani, da ita ake fita kunyar baƙo. Shi ya sa idan hunturu ya kama, kaji suka fara gyangyaɗi da koren zawo da murɗewar wuya, wuƙa ake fara nema kada su zama mushe.

Hutar da kazar da ta daina ci, ta kasa tsayuwa, tausayi ne. Malamai na koyar da a wasa wuƙa sosai, ba a gabanta ba, a riƙe ta a hankali, a yanka da hanzari.

Haɗarin yana bayan yankan. Alamomin cutar Newcastle suna kama da na murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2006 a wata gona a jihar Kaduna, kuma tana iya kama mutum wajen figa da fiɗa. Ido ba ya bambance su.

Don haka likitocin dabbobi ke shawartar a binne irin wannan kaza a rami mai zurfi, har jininta da gashinta, a wanke hannu da sabulu. Idan kaji da yawa suka mutu lokaci guda, a kira jami'in dabbobi kafin a taɓa su.

Sauran kajin kuwa, akwai rigakafin Newcastle da cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke haɗawa, wanda ake ɗigawa a ido kafin sanyi ya shigo.