Injiniyoyin Darmanawa, Ku Dakata Kafin Ku Biya Kuɗin Mastas Ta Intanet!

Da kai nake, injiniya. Kai da ke fita daga Darmanawa tun da sassafe, ka bi Titin Zariya zuwa ofis ko kamfani a Sharaɗa, ba ka dawowa sai bayan magariba. Da ke nake, 'yar'uwa mai aiki a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, mai son ƙarin girma a wurin aiki. Tallan nan ya shigo wayarku, ko ba haka ba? Digiri na biyu a fannin injiniya, ta intanet, cikin 'yan watanni, ba sai kun bar aiki ba. Ku dakata! Kada ku tura ko sisin kwabo tukuna.

Wace jami'a ce? A wace ƙasa take? Wa ya ba ta lasisi? Wanda ya turo maka tallan ta WhatsApp, ma'aikacinta ne ko dillali? In ba ka da amsar waɗannan, kuɗinka na cikin haɗari.

Kun manta abin da ya faru a Kwatano? A watan Disamba 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken wakilinta Umar Audu. Cikin mako shida ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano, Jamhuriyar Benin, bai zauna a aji ba, bai rubuta jarrabawa ba, har ya shiga bautar ƙasa da takardar. A farkon Janairu 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. A watan Agusta na shekarar, Ministan Ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce 'yan Najeriya sama da 22,000 ke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu. Jami'o'i biyar kacal aka amince da su a Benin, uku a Togo. Ya kuma ce za a zaƙulo masu aiki da irin waɗannan takardu. A cikinsu akwai magidanta. Akwai waɗanda iyayensu suka sayar da fili. Ina kuɗin yake yau?

Kada ka ce ai taka makarantar ta Turai ce. A 2015 jaridar New York Times ta fallasa kamfanin Axact na Karachi, a Pakistan, wanda ya ƙirƙiri ɗaruruwan makarantu da jami'o'in ƙarya masu sunayen Amurka. Shafuka masu kyau, hotunan malamai, tambari, komai ya ji. Aji ne kawai babu.

Karatu ta intanet na gaskiya yana nan, kada a ce na hana. Jami'ar Georgia Tech ta Amurka tana bayar da mastas ɗin kimiyyar kwamfuta ta intanet tun 2014, kuma ma'aikata da yawa sun gama. Amma irin wannan yana cin dare. Akwai aikin gida mai wa'adi, akwai jarrabawar da ake sa maka ido ta kyamara, akwai faɗuwa. Shin ka lissafa wannan? In KEDCO ta ɗauke wuta ana tsakiyar jarrabawa, me ka tanada? Nawa za ka kashe a data da man janareta? In oga ya tura ka aiki Jigawa a makon jarrabawa fa? Ka yi shawara da uwargida, ko ke da maigida? Sannan ga dala. A farkon 2023 farashin gwamnati bai kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya fara biya da lissafin farko, albashinsa bai ninka uku ba.

Duk makarantar da ta ce maka babu wahala, babu jarrabawa, ƙwarewar aikinka ta wadatar, guje ta. Wadda ke kiranka kullum tana cewa rangwame zai ƙare gobe, guje ta. Wadda ta ce ka tura kuɗi asusun wani mutum, guje ta.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, wannan fannin injiniya ne. Gada ce, bene ne, waya ce mai ɗauke da wuta. Wanda ya sa hannu a zanen gini da ilimin da bai koya ba, rayukan mutane ya ɗauka. Kuma ku sani, mastas ba ya mayar da mutum injiniya mai rajista. Hukumar COREN, wadda aka kafa tun 1970, ita ke yin rajista, kuma karatunka na tushe take dubawa. Masu HND, ku fi kowa kula.

Yau za ka bincika, ba gobe ba. In jami'ar ta gida ce, duba sunanta a jerin hukumar kula da jami'o'i ta NUC, ka tabbatar an yarda ta koyar daga nesa, kuma a wannan kwas ɗin. In ta waje ce, tuntuɓi sashen tantance takardu na Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Rubuta wa COREN. Nemi amincewar wurin aikinka a rubuce, kada ka dogara da maganar baki. Hau adaidaita ka je Tsangayar Injiniya ta Jami'ar Bayero, ka nuna wa malaman sunan makarantar.

Ka riga ka biya kashi na farko? Tsayar da na biyu yanzu. Adana rasit da duk saƙonnin da kuka yi. In ta tabbata ta bogi ce, kai ƙara wurin EFCC. An riga an ba ka takardar? Kada ka saka ta a fayil ɗinka na ofis sai an tantance ta, domin ranar da ta shiga fayil, kai za a tuhuma.