Rijiyar Kusugu da Haƙƙin Jama'a

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku malamai da fatake, wanda duk ya shiga birnin Daura ya san rijiyar Kusugu. Masu tarihi sun ce a zamanin Sarauniya Daurama wata macijiya ta tare ta, ba a ɗiban ruwa sai ran Juma'a. Ana nan sai baƙo Bayajidda ya sauka da dare gidan wata tsohuwa, Ayana. Ya roƙi ruwa, babu. Ya ari guga, ya tafi ya sare kan macijiyar. Tsohuwa ta ba da masauki, baƙo ya ba da ƙarfi, gari duka ya sha.

Musulunci ya girmama irin wannan aiki. Sa'ad da Musulmi suka yi hijira zuwa Madina a shekara ta 622, ruwan rijiyar Ruma sayar da shi ake yi. Sayyadina Usmanu ɗan Affan ya saye ta, ya mai da ita wakafi, gugansa daidai da gugan kowa. Haka kuma Sa'adu ɗan Ubada, da mahaifiyarsa ta rasu, rijiya ya haƙa ya yi mata sadaka.

Dalili kuwa, addini ba ya tsayuwa ga mutum shi kaɗai. Sallar jam'i ta ɗara ta mutum ɗaya da daraja 27. Wankan gawa da likkafani da sallarta farilla ce a wuyan jama'a: in wasu suka yi, ta sauka daga kan saura, in kowa ya ƙi, duk sun yi laifi. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ma, da tuwon maƙwabta ya sauke shi.

To, yau attajiri yakan haƙa burtsatse cikin gidansa ya rufe ƙofa, 'ya'yan maƙwabta suna yawo da tulu. Mene ne bambancinsa da macijiyar Kusugu? Ita dai takan bari ran Juma'a.

Saboda haka, falke ya fid da zakka tun ba a tambaye shi ba, ya fito da famfo ɗaya ƙofar gida. Malami kuwa ya bincika wanda aka daina gani a sahu, ko ciwo ne ya tsare shi, ko bashi.

Allah shi sa mu dace, amin.