Kallon Labarina Duk Mako Ko Tarawa: Wanne Ya Fi Sauƙin Data?

A Doguwa da Tudun Wada, masu bibiyar shirin Labarina na Aminu Saira sun kasu gida biyu. Wasu na jiran sabon kashi duk Juma'a a YouTube, wasu kuma sai ya taru su kwana suna kallo.

Datar da za a ƙona duk ɗaya ce: awa guda a 480p na cin kusan 500MB. Bambancin yana wajen biya. Mai kallon mako-mako yana sayen data kaɗan-kaɗan, kuma da shi ake hirar shirin a majalisa. Mai tarawa kuwa, awa 10 za ta lashe masa wajen 5GB a zama ɗaya, ga caji ya ƙare, ga 'yan TikTok sun riga sun tona masa ƙarshen labari.

Ga wanda aka bari a baya, dabarar ita ce ya yi amfani da datar dare mai rahusa, ya rage hoton zuwa 360p, sannan ya kashe Autoplay don kada wani kashi ya ɗora da kansa bayan barci ya ɗauke shi.