Jirgi mai ƙafa a wutsiya

Jirgin sama ba ya tashi sai ya yi gudu bisa ƙasa. In ya sauko ma, sai ya yi gudu kafin ya tsaya. Don haka ake yi masa ƙafafu irin na mota. Ƙaramin jirgi ƙafa uku gare shi: manya biyu kusa da fukafukai, da ƙarama guda. A wasu jirage ƙaramar tana gaba, ƙarƙashin hanci. A wasu kuwa tana can baya, ƙarƙashin wutsiya.

Jiragen dā, wutsiyarsu ce a ƙasa. Jirage ukun da sojojin Ingila suka kawo Kano daga Alƙahira a watan Nuwamba na 1925 ko ƙafa babu a wutsiyarsu, sai wani tokari mai jan ƙasa. Bayan Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, sojojin samanta sun fara aiki da DC-3 da Broussard, dukansu masu ƙafa a wutsiya. A yau manyan jiragen da ke sauka Yamai da Kano ƙafar hanci gare su, kuma da irinsu yawancin matuƙa suke koyon tuƙi.

Amma ba a daina amfani da mai ƙafa a wutsiya ba. Hancinsa yana kallon sama, don haka farfelarsa tana nesa da ƙasa, ba ta tsintar tsakuwa. Yana iya sauka a fili mai yashi ko ciyawa, inda babu kwalta. Shi ya sa yawancin jiragen feshi irinsa ne. A 1988 da 2004 fara ta shigo Nijar, aka yi ta feshi ta sama. Manomin Kance mai hatsi a tudu da rake a fadama ya san ɓarnar da fara ke yi cikin wuni ɗaya. A irin wannan lokaci ana bukatar matuƙin da ya iya wannan jirgi.

To, ga abin mamaki. Matuƙi yana iya shekara ashirin yana tuƙa babban jirgi, amma ranar da aka ba shi mai ƙafa a wutsiya, sai ya koma ɗan koyo. Gwanin doki ba shi ne gwanin raƙumi ba. A sama jiragen nan biyu ba su da bambanci sosai. A ƙasa wahalar take.

Dalili shi ne wurin da nauyi yake. Mai ƙafar hanci, nauyinsa yana gaban manyan ƙafafu. In ya ɗan karkace, nauyin yana jawo shi ya miƙe. Mai ƙafa a wutsiya kuwa, nauyinsa yana bayan manyan ƙafafu. In ya ɗan karkace, sai wutsiya ta nemi wuce hanci. Haka baro yake. Yaron da ya ja baro a bayansa, baron yana bin sa sak. Wanda ya tura shi da gudu kuwa, sai ya yi ta gyara hannu, in ba haka ba kaya su zube. In matuƙi ya yi sake, jirgi yakan juya kamar guguwa, fiffike ya bugi ƙasa.

Abu na farko da malami ke koya masa shi ne aiki da sawunsa. A wutsiyar jirgi akwai wani allo mai juyawa dama da hagu. Matuƙi yana juya shi da matakai biyu da ke ƙarƙashin sawunsa. Ba ya jira jirgi ya karkace da yawa. Yakan taka kaɗan, ya saki, ya taka ɗayan, kamar masaƙi a kan masaƙa.

Na biyu, kallon hanya. Hanci yakan tare masa gaba. Saboda haka in yana tafiya a ƙasa, sai ya riƙa karkatawa dama da hagu kamar tafiyar maciji, yana leƙawa ta gefe.

Na uku, sauka. Hanya biyu ce. Ko dai ƙafafu uku su taɓa ƙasa gaba ɗaya, ko manyan biyu su fara taɓawa, wutsiya ta biyo baya sannu a hankali. In iska tana bugowa ta gefe, kamar iskar hunturu, takan tura wutsiya, hanci ya juya wajen da take fitowa. Matuƙi ba ya sakin jiki sai jirgi ya tsaya cik.

Malami da ɗalibi sukan tashi, su zagaya fili, su sauka, su sake tashi, har sawu ya saba. A Amurka, tun 1991, doka ta ce sabon mai tuƙa irin wannan jirgi sai malami ya koya masa, ya sa hannu a littafinsa, ko da shi tsohon matuƙi ne. Wani lokaci malamin bai kai ɗalibin shekaru ba. Wannan ba abin kunya ba ne, gemu ba ya hana neman ilimi.

Tambayoyi

1. Ƙafa nawa ne ga ƙaramin jirgi? Ina ake sa ƙaramar?
2. Don me ake yin feshi da jirgi mai ƙafa a wutsiya?
3. Ina nauyin wannan jirgi yake?
4. Waɗanne abubuwa uku ne malami ke koya wa matuƙi?

Aiki

Ku sa yashi cikin baro. Ku ja shi, sa'an nan ku tura shi da sauri. Ku rubuta abin da kuka gani.